Tashar da Baba Ya Gina a Barandata

Mahaifina bai taɓa kiran sunana ba. Ba faɗa muka yi ba, ba kuma wani laifi na yi masa ba. Ni ce 'yar fari, a gidanmu kuwa kunyar ɗan fari ake ji: ba a kiran sunansa, ba a ɗaukarsa a gaban mutane, ba a yabonsa ko da shi ya zo na ɗaya a aji. In Baba zai yi mini magana sai ya ce "ke". In kuwa akwai wani a kusa sai ya bi ta kansa, ya ce, "Ku gaya wa waccan miyar ta yi gishiri," alhali ga ni tsaye a gabansa da ludayi a hannu. Da aka yaye ni ma ba a bar ni a gidan ba. Kakata ta wajen uwa ta zo ta tafi da ni Zariya, a can na yi wayo, a can na yi makaranta, sai da hutu nake zuwa wajen iyayena kamar baƙuwa. Na san al'ada ce, na sha kare ta ma a gaban abokan aikina da ba Hausawa ba, har da ɗaga murya. Amma in faɗi gaskiya, abin bai taɓa daina ci mini rai ba. Har na fara furfura ina son in san abu ɗaya: ina da wuri a zuciyar mutumin nan, ko kuwa tun ranar da aka tafi da ni ya saba da rashina?

Bayan rasuwar Innarmu, ƙannena suka haɗu suka yanke shawarar Baba ya dawo wajena a Kubwa. Gwiwoyinsa sun fara ba shi wahala, asibiti kuma ya fi kusa da ni. Ya ƙi, aka yi ta lallami, daga ƙarshe ya yarda amma da sharaɗi: shi ba zama ya zo yi ba, yana jin sauƙi zai koma gida. Ya iso da jaka ɗaya, da rediyo, da wata 'yar guduma da ban san dalilin ɗauko ta ba.

Baba tsohon ma'aikacin reluwe ne. Duk ƙarfinsa ya ƙarar da shi a wata ƙaramar tasha tsakanin Minna da Kaduna, irin tashar da in ka yi gyangyaɗi a jirgi ba za ka san an wuce ta ba. Aikinsa shi ne ba wa jirgi hannu. A kowane ƙarshen tasha akwai wani dogon ƙarfe mai jan hannu guda, sigina ake ce masa. In hannun ya miƙe, direba ya tsaya. In ya sunkuya, hanya ta buɗe. Baba ne ke jan ƙarfen da ke sunkuyar da shi. Yanzu tashar ta mutu. An ce ciyawa ta rufe layin, awaki ne ke kwana a ofis.

Makonninsa na farko a gidana sun ba ni tausayi. Ni ina idar da sallar asuba nake fita neman bas ɗin cikin gari, maigidana ma haka, yara kuma duk suna makarantar kwana. Sai in bar Baba a baranda da rediyo, in dawo da yamma in same shi a inda na bar shi, kamar an dasa shi. Abin da kawai ke motsa shi, kukan sabon jirgin da ke tsayawa a tashar Kubwa. Yana ji sai ya rage rediyo, ya karkata kai, sannan ya taɓe baki ya ce wa maigidana, "Wannan ai hon ɗin tirela ne." Maigidana ya ce ya zo su shiga su je Kaduna su dawo, ya ga yadda abin yake. Baba ya ce ya gode, shi bai ajiye komai a Kaduna ba.

Sai kayan gidana suka fara ɓata. Da farko almakashina. Sai matajina mai ƙananan haƙora, sai rariyar tankaɗe, sai gwangwanayen madarar da nake tarawa. Ni kuma ban iya ɓatan kaya ba, na yi ta faɗa ni kaɗai a kicin, na zargi kowa har da ɓera. Wata Asabar na fito shanya, na tarar da Baba ya sa tabarau, ya duƙufa a kan gwangwani, ga almakashina a hannunsa ya riga ya dakushe. A gabansa kuwa wani ɗan abu ne tsaye a kan ƙafafu huɗu, bai fi tsayin kofin shayi ba, da ɗan tsaninsa, da ɗan bututunsa a langaɓe.

Na ce, "Baba, mene ne wannan?"

Bai ɗago ba. Ya ce, "Tankin ruwa ne. Na tasha."

Na san shi kuwa. A ƙarƙashinsa muke fakewa in rana ta take, duk sanda na je hutu. Na haɗiye faɗan da na fito da shi, na koma ciki na ɗauko masa sauran gwangwanayen.

Daga nan barandata ta tashi daga tawa. Wani kafinta da ke kusa da tashar motar Jabi ya yanko mana faffaɗan katako, aka ɗora a kan benci biyu, shi ne ya zama filin tasha. Baba bai taɓa sayen komai da aka riga aka ƙera ba. Layin dogo, da ƙarafunan matattun laimomi ya yi shi. Duk maƙwabciyar da iska ta karya wa laima a daminar nan ta san inda za ta kai gawar. Katakon da ake shimfiɗawa ƙarƙashin layi, tsinken tsire ne ya yayyanka. Wannan ya sa maigidana ya sami hujjar sayo tsire kusan kullum, wai taimakon Baba yake yi. Ƙafafun taragai kuwa maɓallan ƙarfe ne irin na tela, waɗanda ake ɗanawa. Ya tankaɗe yashin rafi da rariyata, ya ware manyan ƙwayoyin ya zuba tsakanin layi. Rariyar nan ba ta sake ganin gari ba.

Abin da ya fi burge ni rufin kwano. Sai ya sami takardar nan mai ƙyalli da ke cikin gwangwanin madarar gari, ya ɗora ta a kan matajina, ya bi ta da bayan farce a hankali, sai ga ta ta fito da kwari-kwari, sak kwanon rufi. Amma bai yarda da sabon abu ba. Ya jiƙa soson ƙarfe a ruwan lemon tsami har ya yi tsatsa, ya riƙa ɗiga ruwan da gashin kaza a gefen rufin, a daidai inda ruwan sama ke gangarowa. Na ce, "Baba, mutane na neman abu ya yi kyau, kai kana ɓata shi." Ya ce wa katakon, ba ni ba, "Tun da na san ofishin nan ban taɓa ganinsa ba tsatsa ba."

Ba ya awo da rula. Tsinken ashana ɗaya yake da shi a aljihun gaba, shi ne mutum. In zai yanka ƙofa sai ya tsayar da tsinken, ya ƙara kaɗan a sama saboda hula. In benci ne, ya kai gwiwar tsinken. In taga ce ta tarago, sai ta zo daidai inda kan mutum zai leƙo. Yana gama awo sai ya mayar da tsinken aljihu, bai taɓa barinsa a tsaye cikin tashar ba.

Mun yi rigima sau ɗaya, a kan taragon shanu. Ya yi shi da siraran katakai, da tazara a tsakani don iska, da 'yar ƙofa mai saukowa. Sai na dawo aiki na ji wani wari a baranda. Ashe Bafulatanar da ke kawo mana nono daga rugar bayan gari ya sa ta kawo masa busasshen kashin shanu, ya daka, ya barbaɗa a dandaɓen taragon.

Na ce, "Haba Baba! Kashin shanu a barandata? A nan fa nake sauke baƙi."

Ya juya wajen maigidana ya ce, "Gaya mata taragon shanu ba ya ƙamshin turare."

Maigidana, da ba shi da amana in aka zo kan Baba, ya juyo da gaske ya maimaita mini. Na shige ɗaki ina mita, ina kuma dariya.

Tashar ta yi ta girma. Ga ofis, ga rumfar fasinjoji, ga sito, ga ɗan masallaci, ga jerin gidajen ma'aikata a bayan shinge. Ga sigina biyu, ɗaya a kudu ɗaya a arewa. Abin da babu shi ne mutane. Ko kaza babu. Maigidana ya ga haka, ya shiga wani kanti a cikin gari ya sayo 'yan mutanen roba ƙanana, masu jakunkuna da huluna. Baba ya karɓa da hannu biyu, ya yi godiya, washegari ya raba wa yaran maƙwabta. Ya ce shi ba ya yin mutum-mutumi. Gini nasa ne, ƙarfe nasa ne, amma abu mai rai ba aikinsa ba ne, kuma ba zai ajiye wanda wani ya yi ba.

Da na ji haka na ɗauka tashar za ta zauna kufai. Ashe ban fahimci Baba ba. Ya cika ta da mutane ba tare da ya yi ko ɗaya ba. A ƙofar masallaci ya jera 'yan takalma da ya yanka daga tsohon tub ɗin keke, wani ma ya kife kamar mai shi ya makara. Ga buta a gefe, da dutsen ado ya yi ta. Ga keke an jingina da bango, ga tabarma a inuwa an naɗe rabinta, ga hular shugaban tasha a rataye jikin ƙusa. Duk wanda ya duba sai ya ji kamar yanzu aka kira salla kowa ya tashi. Wata yamma na dawo na ga an ƙara wani abu a bakin shinge: duwatsu uku, da ɗan kasko baƙi a kai, da 'yar kujera ta tsuguno. Wurin da Innarmu ke suyar ƙosai ke nan in jirgin safe zai iso. Na tsaya da jakata a kafaɗa na yi kuka. Baba ya yi kamar bai gani ba, ya ci gaba da goge wani tarago da bai da datti.

Da Babbar Salla ƙannena suka zo da iyalansu, gidan ya cika. Ana gama cin abinci aka yi baranda. Ƙanena mai bi mini ya fara ihu, ya ga garegarensa jingine da bayan sito. Ƙanwata ta ga farantin tallan gyaɗarta a kan bencin fasinjoji, har da ɗan gwangwanin awo. Autanmu, wanda yanzu yake da gemu da 'ya'ya, ya ga tagar ofis guda a fashe, ya rufe fuska, don shi ya fasa ta da gwafa. Baba yana zaune a tsakiyarsu yana kiran sunan kowa, yana ba da labarin dukan da aka yi, yana dariya har da share hawaye. Ban taɓa ganinsa haka ba tun rasuwar Inna. Na ji daɗi, wallahi na ji daɗi. Amma ina zagaya teburin nan da tire a hannu kamar mai raba lemo, alhali dubawa nake. Na duba bayan gidaje, na duba gindin tanki, na duba ƙarƙashin benci. Ban ga komai nawa ba.

Ƙanena ya lura. Ya ce, "Yaya, ke ai ba ki zauna a nan ba, shi ya sa." Da kyakkyawar niyya ya faɗa, kuma gaskiya ce. Na ce masa ya ɗauke ƙafarsa daga hanya, na wuce kicin. Mace da 'ya'yanta sun kusa aure, ga ni tsaye a gaban tukunya ina jin haushin garegare da farantin gyaɗa. Na san abin dariya ne, amma zafinsa bai ragu ba don na sani.

Bayan baƙi sun watse, Baba ya sanar da maigidana cewa saura jirgin fasinja. Yana gama shi zai koma gida, gwiwa ta yi sauƙi. Na ji daga kicin. Ban san da wane baki zan ce ya zauna ba. Wanda ba ka da ko tsinke a tasharsa, ta yaya za ka riƙe shi?

Jirgin fasinjan ya ci lokaci fiye da komai. Ga shi hannun Baba ya fara rawa, in ya zo manna ƙananan abubuwa sai su kuɓuce masa. Wata Lahadi na ji ya ce, "Ke, zo ki riƙe nan." Na waiga in ga ko da wani yake. Babu kowa sai ni. Na zauna kusa da shi, na riƙe bangon tarago da yatsu biyu, shi kuma ya ɗora yatsunsa a kan nawa yana dannawa har gam ya kama. Tun da nake ban taɓa zama kusa da mahaifina haka ba. Na ji ƙamshin goro da sabulu a jikinsa, na ga ashe kunnuwanmu iri ɗaya ne. Daga ranar na zama mai riƙewa. In na dawo aiki ko mayafi ba na cirewa sai in zauna. Ba ma hira. Iyakarta "riƙe", "saki", "ba nan ba". Amma na riƙa ƙosawa a tashi daga aiki.

Taragon ƙarshe ya yi masa har ciki. Ya jera kujerun katako, ya yi wurin ɗora kaya da zaren waya, ya bar taga guda a buɗe. Na ce, "Baba, in ka rufa wa zai ga wannan wahalar?" Ya ce, "Ke, kawo mini ruwa." Kafin in dawo da ruwan ya riga ya ɗora rufin ya danne. Ya jera jirgin a kan layi, kansa na fuskantar arewa. Na lura da abu ɗaya: taragan kaya yakan tura su da yatsa, ya kai su sito, ya dawo da su, yana 'yar waƙa a maƙoshi. Jirgin fasinja kuwa tun da ya ajiye shi bai motsa shi ba.

Ana cikin haka wani tsohon abokin aikinsa ya ji labarin Baba na Abuja. Mutumin Gbagyi ne, Kirista, shi ke juya layi a tashar a zamaninsu, yanzu yana zaune wajen ɗansa a Masaka. Ya keto garin nan kaf da cunkosonsa, mota bayan mota, ya iso bayan azahar da sanda da ledar doya. Suna haɗa ido da Baba suka kama tsokanar juna, kowa na cewa ɗayan ya fi tsufa. Da na kawo masa kunun zaƙi ya dube ni ya riƙe baki. Da Hausarsa da ba ta raba mace da namiji ya ce, "Kai ne ɗan fari? Kai, 'yata, ka girma! Har da farin gashi!"

Da ya ga tashar kuwa, ya ajiye sandar. Sai ya fara nunawa da yatsa, yana faɗin wa ke zaune a wane gida, wa ya rasu, wa ya koma kudu. Ya shinshina taragon shanu ya ce, "Yawwa, wannan ita ce gaskiya," Baba ya dube ni ta gefen tabarau. Sannan ya shiga gwada komai kamar mai binciken aiki. Ya tura tarago ya ga yana tafiya. Ya buɗe ƙofar sito. Ya ja zaren siginar kudu, hannun ya sunkuya, ya saki ya koma. Ya yi tafi. Ya zagaya ya ja zaren siginar arewa, wadda ke gaban jirgin fasinja. Hannun bai motsa ba. Ya sake ja.

Ya ce, "Malam, wannan ya lalace."

Baba ya ce, "Bai lalace ba."

Tsohon ya sunkuya ya ƙura ido, sai ya fashe da dariya. "Ka sa mata dalma! Ka like ta! Jama'a ku zo ku gani, oga sigina da kansa! Mutum ya tsufa a kan aiki, ya zo ya yi sigina wanda ba ya sauka. To wannan jirgi yaushe za ta tashi? Har ƙiyama fasinja suna zaune!"

Baba ya ce, "Sha kununka."

Tsohon yana dariya yana bin jirgin da kallo, daga kai har taragon ƙarshe, har tagar nan da ke buɗe. Sai dariyar ta tsaya. Ya dubi Baba, ya dube ni, ya sake duban tagar. Ya ce a hankali, "Ohho. Jirgin Zariya ne."

Baba ya ce, "Surutunka bai ragu ba."

"Ni ba ni da wannan kunya naku, Malam. Zan faɗa." Ya juyo gare ni. "'Yata, ranan da kaka ya zo ɗaukan ka, ina wurin. Maman ka bai fito ba, tana cikin ɗaki. Baban ka kuma yana kan aiki, ba dama ya bi ku. Kaka ya shiga tarago na baya, ya zauna bakin windo da kai. An gama lodi. Direba ya yi hon. Gadi na jirgi ya kaɗa tuta. Sigina bai sauka ba. Direba ya sake hon, shiru. Fasinja suka fara leƙowa. Oga na tasha ya fito yana ihu, yana cewa wane ne a kan sigina, ya mutu ne? Na ruga na je. Na same shi tsaye, hannu a kan ƙarfe, ido a kan windo. Na ce, Malam, sake ta. Bai ji ba. Sai da na girgiza shi, na ce za su kore ka fa, sannan ya ja. Jirgi ta tafi. Shi kuma ya zaga bayan tankin ruwa. Ban bi shi ba."

Baba ya miƙe da ƙyar, ya ɗauki buta, ya ce la'asar ta yi. Ba ta yi ba tukuna, kowa ya sani. Ni kuwa tiren da ke hannuna na ajiye don kada ya faɗi. Tsohon ya ɗauki kununsa ya shanye, ya ce sukarin ya yi daidai.

Da maigidana ya fita raka shi bakin titi, baranda ta rage daga ni sai tashar. Na kunna fitilar wayata, na sunkuya na haska ta tagar nan. A kan kujerar bakin taga akwai wani ɗan ƙyalle, bai fi faɗin farce ba, baƙi da ratsin fari, an ninke shi an ajiye. Majanyi ne, irin wanda ake ɗaure goyo da shi. Ashe don shi aka aike ni kawo ruwa. Duk neman da na yi a bayan gidaje da gindin tanki, ban taɓa tunanin in leƙa cikin jirgi ba, alhali ni a jirgi aka fi sanina a tashar nan.

Ina nan a sunkuye Baba ya dawo. Ya zauna a kujerarsa, ya ɗauki gashin kaza ya fara kaɗe rufin ofis. Ban tashi ba, shi ma bai kore ni ba. Can ya yi magana, yana kallon jirgin.

"Ƙa'ida ce, ba a riƙe jirgi. Na sha faɗa ranar." Ya kaɗe wani rufin. "Yarinyar ba ta yi kuka ba. Da ta yi kuka da ya fi mini sauƙi. Hannu kawai take miƙowa ta taga, ta ɗauka wasa ne."

Na ce, "Baba, yarinyar ai ta dawo."

Ya ce, "Na gani."

Iyakar abin da ya faɗa ke nan, kuma ya ishe ni. Abin da na yi shekaru ina ɗauke da shi a ƙirji, a nan na sauke shi, a baranda mai warin kashin shanu. Na yi farin ciki irin wanda ban san yadda ake yinsa ba, na kuma ji tausayin saurayin nan da ya tsaya da hannu a kan ƙarfe, ba shi da ikon cewa a bar masa 'yarsa.

Ya ajiye gashin kazar, ya gyara hula. Ya ce, "To, aiki ya ƙare. A gaya wa maigidan nan ya nema mini mota, in koma gida."

Ni da ban taɓa musa wa mahaifina ba, sai na ji bakina ya ce, "Ba za a gaya masa ba. Hanya ba ta buɗe ba, Baba. Ban ba da hannu ba."

Ya ɗago ya dube ni, ido cikin ido, abin da bai taɓa yi ba. Na ɗauka faɗa zai yi. Sai na ga kafaɗunsa na rawa, dariya yake ƙoƙarin dannewa. Ya daɗe yana kallon tashar, ya shafa gefen katakon inda fili ya rage. Ya zaro tsinken ashanarsa daga aljihu, ya tsayar da shi a wurin, ya auna wani abu da ni ban gani ba.

Ya ce, "Da ma akwai gada a gaban siginar arewa, ban yi ta ba. Tana da aiki, za ta kai wata daminar. Ke, gobe in za ki dawo ki sayo gam."

Har yau bai kira sunana ba, ni ma na daina jira. Gadar ta kusa rabi, maigidana na nan yana sadaukar da kansa wajen cin tsire. Jirgin Zariya yana inda yake, siginar a miƙe. Da safe kafin in fita neman bas nakan tsaya in kaɗe masa rufi da gashin kaza, Baba kuma daga kan darduma ya ce a gaya wa waccan ta yi a hankali da taragon ƙarshe.